Biyan mai aikin gida da tsabar kuɗi a Birtaniya: a wuyan wa haraji yake?

Babu wata doka a Birtaniya da ta hana ka ƙirga wa matar da ke zuwa yi maka shara da goge-goge kuɗinta a hannu. Haka mai yanke ciyawar bayan gida, da mai wanke tagogi, da mai zuwa guga ranar Asabar. Hukumar harajin ƙasar, HMRC, ba ruwanta da ko ta banki kuɗin suka bi ko a ambulan aka ajiye su kan teburin kicin. Abin da take bi shi ne wanda doka ta ɗora wa alhakin bayyana kuɗin. Idan da gaske mai aikin zaman kanta take yi, alhakin nata ne ita kaɗai. Idan kuwa a idon doka ma'aikaciyarka ce, bashin harajin a wuyanka yake, ko da ita da bakinta ta ce maka "ni nake biyan harajina". Mutanenmu da yawa kan tsaya suna fargabar tsabar kuɗin, su bar wannan tambayar ba su yi ta ba, alhali nan ramin yake.

Alƙaluman da ke ƙasa na shekarar haraji ta 2025 zuwa 2026 ne. Shekarar haraji a can tana farawa 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa, kuma wasu alƙaluman kan canja duk Afrilu, saboda haka a riƙa leƙa shafin gwamnati na gov.uk kafin a yi lissafi. Scotland na da nata matakan harajin albashi dabam.

Fara gano matsayinta

Ka tuna bambancin mai wanki da guga na unguwa da yaron gida. Mai wanki shi ke faɗin kuɗin kowace riga, sabulu da gawayi nasa ne, gidaje goma yake yi wa aiki, kuma in bai da lafiya ƙanensa ya kawo kayan ba wanda zai ce don me. Yaron gida kuwa sai abin da aka ce, a lokacin da aka ce, da kayan aikin gidan. Kusan wannan ma'aunin dokar Birtaniya take bi.

Sai ka tambayi kanka da gaskiya. Wa ya yanke farashi, ita ko kai? Za ta iya cewa wannan makon ba ta zuwa, ko ta turo wata a madadinta, ita ta biya ta daga aljihunta? Wannan batun turo madadi yana da nauyi sosai: wadda dole sai ita da kanta za ta zo, ta fi kusa da zama ma'aikaciya. Kai kake tsara mata cewa ƙarfe tara ta fara da banɗaki, goma ta koma falo, ko aikin kawai kake nuna mata ta yi yadda ta ga ya dace? Tsumma da sinadaran wanki ita ke sayowa? Gida nawa take yi wa aiki? In ta ɓata aiki, za ta dawo ta gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke yanke hukunci shi kaɗai. Mace na iya amfani da injin sharar gidanka kuma ta kasance mai zaman kanta, tunda ba kowa zai hau bas da inji a kafaɗa ba. Dukkansu ake haɗawa a duba inda suka rinjaya.

Rubuta "mai zaman kanta" a takarda ba ya kare kowa. A 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin Autoclenz da masu wanke motocinsa, waɗanda takardar yarjejeniya ta kira masu zaman kansu. Kotun ta ce abin da ke faruwa a zahiri a wurin aiki shi ne abin dubawa, ta kuma ba masu wankin gaskiya. HMRC na da wata manhaja kyauta a intanet mai suna CEST, wadda za ta yi maka tambayoyi irin waɗannan ta faɗa maka matsayin mutum ta fuskar haraji. Ka amsa tsakaninka da Allah, ka buga sakamakon ka ajiye, domin hukumar ta ce za ta tsaya a kan sakamakon muddin amsoshin da aka bayar gaskiya ne.

A aikace, mai shara da ke zuwa awa uku a mako, tana da wasu gidajen, ita ta faɗi kuɗinta, yawanci mai zaman kanta ce. Mai raino da ke zuwa gidanka Litinin zuwa Juma'a, kai ka sa mata lokaci, kusan kullum ma'aikaciyarka ce, komai sunan da kuka raɗa wa abin. Haka wadda ke kwana a gidan. Amma mai rainon da kake kai wa yara gidanta, tana haɗa su da 'ya'yan wasu, wannan sana'arta take yi, kuma a Ingila dole ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren raino, ko wata cibiyar da Ofsted ta amince da ita idan tana kula da yara 'yan ƙasa da shekara takwas fiye da awa biyu a rana don a biya ta. Idan ta hannun kamfani aka turo maka mai aiki, karanta sharuɗɗansu. Wasu kamfanonin su ke ɗaukar ma'aikata su biya su, kai kamfanin kawai ka sani. Wasu kuma dillanci ne zalla, sun haɗa ku sun karɓi la'adarsu, sauran tsakaninka da ita ne.

Idan zaman kanta take yi

A nan aikinka kaɗan ne. Ba ka cire mata haraji, ba ka kai rahoto ga kowa, kuma doka ba ta ɗora maka binciken ko ta biya ba. Abin da kake buƙata shi ne shaida cewa ka biya, da ranar da ka biya.

Tun ranar farko ku yi magana ta fito fili: aikin da za a yi, kuɗin awa ko na jingar gaba ɗaya, wa ke kawo kayan aiki, me zai faru in ɗayanku ya soke zuwa. Ka tura mata wannan a saƙon WhatsApp ta amsa da "na yarda". Ka tambaye ta kai tsaye ko ta yi rajistar sana'a da HMRC. Wadda ta yi tana da lamba mai alƙalami goma da ake kira UTR. Ba dole ba ne ta nuna maka, kuma kada ka mai da abin tuhuma, amma yadda ta amsa zai gaya maka abu da yawa. Ka kuma tambayi ko tana da inshorar ɓarna, wadda ke biya in ta zuba bilic a kafet ko ta fasa gilashin murhu. Mai riƙe da makullin gidanka ya kamata a ce tana da ita.

Sannan rasit. Ƙaramin littafin rasit mai kwafi biyu, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan rubutu, ya wadatar. Kowane shafi ya ɗauki kwanan wata, sunanta, aikin da aka yi, awa nawa, kuɗi nawa, da sa hannunta: "14 ga Mayu, shara da goge-goge, awa 3, fam 45, na karɓa." Ita ce ya kamata ta bayar da rasit, tunda ita ce mai sana'a, amma in ba ta da shi kai ka sayo littafin, ta riƙe na sama ka riƙe na ƙasa. Idan ba ka gida lokacin da take zuwa, ka bar ambulan da adadin a rubuce a bayansa, ta turo saƙo cewa ta ɗauka. Wata dabara mai amfani ita ce ka riƙa cire daidai adadin daga na'urar ATM a rana ɗaya kowane mako, ta yadda takardar bankinka da rasit za su yi wa juna shaida. Rigimar da aka fi yi tsakanin masu gida da masu aiki ba ta haraji ba ce ma, ta "makon jiya ba a ba ni ba" ce, kuma rasit ke kashe ta.

Goron Sallah ko ihsanin da ka ƙara mata saboda jin daɗin aikinta, in kuɗi ne, yana shiga cikin kuɗin shigarta. Ka rubuta shi dabam don kada lissafi ya rikice.

Abin da ke kanta

Ko da yake ba nauyinka ba ne, yana da kyau ka san lissafin, domin sau da yawa wadda ke maka aikin 'yar'uwa ce da ba ta daɗe da zuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani.

Idan duk abin da ta samu daga sana'ar a shekarar haraji bai wuce fam 1,000 ba, ba ta buƙatar rajista. Wannan jimillar abin da ya shigo hannunta ne daga dukkan gidaje, kafin a cire ko kwabo na ɗawainiya. Gida ɗaya mai biyan fam 45 a mako ya kai fam 2,340 a shekara, ka ga tuni ta haye. Da zarar ta haye, sai ta yi rajistar tsarin bayyana haraji na Self Assessment kafin 5 ga Oktoban da ke bin ƙarshen shekarar harajin, ta cike bayananta ta intanet ta kuma biya kafin 31 ga Janairu. Makara da kwana ɗaya wajen aika bayanan tarar fam 100 ce, ko da ba a bin ta ko sisi.

Rajista ba ita ce biya ba, kuma wannan ne ke tsorata mutane a banza. Fam 12,570 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba a cire masa haraji. Ga misali: mace na yi wa gida takwas aiki, kowanne fam 45 a mako, jimilla fam 18,720 a shekara. A ce ta kashe fam 1,720 a kayan wanki, safar hannu, inshora da zirga-zirga tsakanin gidaje. Ribarta fam 17,000. A cire 12,570, saura 4,430. Harajin kashi 20 cikin ɗari a kan wannan fam 886 ne, sai kuɗin inshorar ƙasa na National Insurance kashi 6 cikin ɗari, fam 265.80. Duka fam 1,151.80.

Abin da ke kayar da masu sana'a a shekarar farko shi ne, in abin da ake bin su ya wuce fam 1,000, HMRC na neman su ba da rabin na shekara mai zuwa tun a Janairun, sauran rabin kuma 31 ga Yuli. Wato matar nan fam 1,727.70 za ta nema a Janairu, ba 1,151.80 ba. Mai karɓar kuɗi a hannu tana kashewa a hannu ba za ta same su ba. Maganin shi ne ta riƙa zuba kuɗin a banki duk mako, ta ware kashi ɗaya cikin biyar a wani asusu da ba ta taɓawa, ta kuma adana rasit ɗinta aƙalla shekara biyar bayan wa'adin Janairun.

Bayyana kuɗin ma ribarta ce. Ribar da ta kai fam 6,845 a shekara tana sa a ƙirga mata shekarar cikin shekarun fanshon gwamnati, wanda sai da shekara 10 ake fara samun wani abu, 35 kuma a sami cikakke. Mai gidan haya, da banki mai ba da bashin sayen gida, da ofishin biza in tana son ɗauko miji ko 'ya'ya, duk takarda suke tambaya. Kuɗin da ba a rubuta ba, a wurinsu babu su. Wadda ke karɓar tallafin Universal Credit kuma an yarda ta yi aiki, sai dai dole ta faɗi abin da ta samu kowane wata, a rage mata tallafin gwargwado.

Inda tsabar kuɗi ke zama laifi

Laifin yana farawa ne daga sani. Idan ta ce "ka ba ni a hannu, na fi son haka", babu komai, mutane na da dalilai iri-iri, wata ma kasuwa za ta wuce da su. Amma in ta ce "kada ka tura banki don kada masu haraji su gani", ko "don kada a taɓa min tallafi", kai kuma ka amince, musamman in an rage maka farashi a kan haka, to ka shiga ciki. Dokar haraji ta tanadi hukunci ga duk wanda da saninsa ya sa hannu a kauce wa haraji, nasa ko na wani. Haka abin yake da magini ko mai gyaran famfo da zai ce "dubu biyu da rasit, dubu ɗaya da ɗari bakwai ba rasit". Harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari yake son ya danne, in cinikinsa ya kai fam 90,000 a shekara da ke wajabta rajistar VAT. Ban da haɗarin doka, ranar da rufin ya fara yoyo ba ka da takardar da za ka kama shi da ita.

Amsar da ta fi sauƙi ita ce: "Hajiya, ni duk wanda na biya sai da rasit, a hannu ko ta banki, ki zaɓa." Ba ka zarge ta ba, ba ka kuma shiga ba. Zato kawai ba ya wajabta maka kai ƙarar kowa.

Akwai kuma asarar da iyaye ke yi ba su sani ba. A tsarin Tax-Free Childcare, wanda gwamnati ke tallafa wa iyaye da kuɗin raino ta cikinsa, duk fam 8 da ka zuba gwamnati na ƙara fam 2, har zuwa fam 2,000 a shekara ga kowane yaro. Amma sai mai raino mai rajista, kuma ta cikin asusun tsarin ake biyan ta. Mai biyan raino a ambulan ya yafe wannan.

Idan ta tabbata ma'aikaciyarka ce

Nan ne aiki yake. Har yanzu kana iya biyan ta da tsabar kuɗi, amma sai bayan ka cire abin da doka ta ce ka kuma ba ta takardar albashi mai nuna abin da aka cire.

Kafin ta fara, ka duba izininta na aiki. 'Yar ƙasa fasfo za ta nuna, mai biza kuma za ta ba ka lambar da za ka shigar a shafin gwamnati ka ga hotonta da sharuɗɗanta. Ka ajiye kwafi da kwanan wata. Tarar ɗaukar wanda ba shi da izini tana kaiwa fam 45,000 a karon farko, 60,000 in an maimaita. Ka ba ta rubutattun sharuɗɗan aiki tun ranar farko. Ka yi rajista da HMRC a matsayin mai ɗaukar ma'aikaci kafin ranar biya ta farko idan albashinta ya kai fam 96 a mako, ko tana da wani aikin, ko tana karɓar fansho. Daga nan duk biya sai ka aika rahoto ta tsarin cire haraji daga albashi da ake kira PAYE a ranar biyan ko kafin ta. HMRC na da manhajar kyauta mai suna Basic PAYE Tools ga mai ma'aikata ƙasa da goma, akwai kuma kamfanonin da ke yin lissafin albashin masu raino a kan kuɗi kaɗan a shekara, kuma ga mafi yawan iyalai wannan ya fi kwanciyar hankali.

Mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa daga Afrilun 2025, ya koma 12.71 daga Afrilun 2026. Tana da hutun mako 5.6 a shekara da albashinta. Sai inshorar da ke kare ma'aikaci in ya ji rauni a bakin aiki, ta aƙalla fam miliyan 5. Wasu inshorar gida sun haɗa da ita, ka kira ka tambaya, kada ka ɗauka. Idan shekarunta 22 zuwa sama, ba ta kai shekarun fansho ba, kuma tana samun fiye da fam 10,000 a shekara, dole ka sa ta a tsarin fansho ka riƙa zuba naka kason.

Ga yadda lissafin yake ga mai raino mai fam 400 a mako, awa 30, wato fam 20,800 a shekara. Daga albashinta za ka cire harajin kusan fam 1,646 da inshorar ƙasa kusan fam 658, da kasonta na fansho, ka tura inda suka dace. Daga aljihunka kuma za ka ƙara kashi 15 cikin ɗari na abin da ya haura fam 5,000, wato fam 2,370, da fansho kusan fam 437. Rangwamen da ake yi wa ƙananan kamfanoni a kan wannan kashi 15 bai shafi mai ɗaukar mai raino ko mai shara ba. Saboda haka albashin 20,800 yana cin ka sama da 23,600.

Kada ka taɓa yin ciniki a kan abin da za ta tafi da shi gida. In ka ce "zan ba ki fam 350 a hannu duk mako, haraji nawa ne", ka ɗauki nauyin da ba ka san girmansa ba. Idan tana da wani aikin da ya riga ya cinye fam 12,570 ɗinta, za a cire kashi 20 tun daga fam na farko, kuma kai za ka cike. Ku yi magana a kan albashi kafin cire-cire, a rubuce.

Biza da 'yan'uwa

Wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye. Ɗaliba mai bizar karatu an hana ta sana'ar kanta kwata-kwata. Awa 20 a mako da aka yarje wa masu karatun digiri lokacin zango, na aikin albashi ne a ƙarƙashin wani. Idan ka ba matar aboki ko ƙanwar wani da ke kan wannan bizar aikin shara a matsayin mai zaman kanta don ka taimaka mata, karatunta da zamanta ka jefa a haɗari. Mai bizar ziyara kuwa ba ta da izinin aiki ko kaɗan.

Sai al'adar ɗauko yarinya ta zauna a gida tana aiki, a ce ai 'yar gida ce, ci da sha da wurin kwana sun isa. A da akwai wata kafa a doka da ta cire mai aikin da ke zaune kamar 'yar gida daga mafi ƙarancin lada. An toshe ta tun 1 ga Afrilun 2024. Yanzu ana biyan ta kowace awa, abin da kawai za a iya lissafawa a madadin ɗakin kwana fam 10.66 ne a rana a shekarar 2025 zuwa 2026, abinci kuma ba ya shiga lissafi. Riƙe fasfonta, ko hana ta fita, ko sa ta aiki ba biya, ya wuce maganar haraji, ya faɗa ƙarƙashin dokar yaƙi da bautar zamani ta 2015, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin rai da rai.

Idan ka riga ka daɗe kana biya ba bisa ƙa'ida ba

Yawanci ba bincike ke tona maganar ba. Mai aikin ce za ta yi ciki ta nemi kuɗin hutun haihuwa, ko ku rabu ta je neman tallafi a tambaye ta inda ta yi aiki, ko ta kai ƙara kotun ma'aikata a kan hutun da ba a biya ta ba. Daga nan HMRC za ta nemi harajin da ya kamata ka cire, da naka kason, da kuɗin ruwa, da tara. Tana iya komawa baya shekara 4, ko 6 in sakaci ne, ko 20 in da gangan aka yi.

Tarar wanda ya kai kansa ta fi ta wanda aka kamo sauƙi nesa ba kusa ba. Ka tattara duk abin da ke nuna ranaku da adadin da ka biya, saƙonnin waya da takardun banki, ka jera su wata-wata. Ka zauna da mai aikin ka gaya mata abin da za ka yi, domin gyaran zai taɓa nata lissafin, musamman in tana karɓar tallafi. Sannan ka sami akanta ko kamfanin lissafin albashi su yi maka rajista su aika bayanan watannin baya, kafin ranar biya ta gaba.